Sirrin Bahago

Shafi na 17

Wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar tashin hankali, gara ya tsallake shafin yau. Larabar nan ba ta ƙare lafiya ba, kuma tun ina sa riga jikina ya ba ni.

Uwar yara ce ta fara tare ni a bakin ƙofa, tana ɗaure wa autarmu igiyar takalmin makaranta.

"Malam, me kake ɓoye mini?"

"Me kika gani?"

"Sati biyu kana murɗa hannu cikin barci kamar mai tuƙa babbar mota. Jiya saura kaɗan ka cire mini ido da gwiwar hannu."

"Gajiya ce."

"To Allah ya sa gajiyar ce. Ni dai 'ya'ya biyar gare ni, ba ni da inda zan kai su."

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, na fita.

Ba gajiya ba ce. Kayan da Bahago ya ɗora mini ne.

Shekara goma sha ɗaya ni da shi muna ɗaukar tukunya ɗaya a gidan zubin ƙarfe. Tukunyar narkakken ƙarfe mutum biyu ke ɗaukarta a kan doguwar sanda. Na gaba shi ke riƙe da kai, mariƙi biyu ne a hannunsa, shi ke karkata tukunya ya zuba a akwatin yashi. Na baya mariƙi ɗaya gare shi, aikinsa ya riƙe, ya daidaita ƙafa, ya yi shiru. Bahago ne a kai. Ni ne a baya, shi ya sa kowa ke ce mini Baba Wutsiya.

Sati biyu da suka wuce ya ja ni gefe ya ce zai bar aikin. Sabon gidan zubi na tsallaken gada ya ɗauke shi. Ranar Asabar zai kwashe iyalinsa da tsohuwarsa mai shanyewar ɓarin jiki daga ɗakunan ma'aikata, sai sun yi nisa sannan ya aiko da takarda. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ko matata.

Ba banza ya yi haka ba. Bara mai walda ya je da kansa ya gaya wa Maigida zai tafi. A ranar aka ce kaya sun ɓace, aka shiga da shi ɗakin samfur, inda ake ajiye samfuran katako na kayan da ake zubawa. Ya fito da yatsu huɗu a karye. Har yau da hagu yake riƙe cokali.

Ni kuwa bakina bai furta wa kowa ba. Amma tsoro ya hana ni zama. Idan kai ya tafi, wa ke buƙatar wutsiya mai shekara arba'in da bakwai? Sabbin mutum biyu za a kawo, a ce in tattara in ba da ɗaki. Shi ya sa kullum lokacin hutun rana nake zagayawa bayan tarin ƙarafa da wata tsohuwar tukunya mai tsaga, in cika ta da busasshen yashi, in ɗora wutsiyar a kan durom, in riƙa koyon zubi ni kaɗai.

Saura kwana uku Asabar.

Ina shiga get, ko takalmin aiki ban sa ba, Heluma, shugaban ma'aikata, ya yafito ni.

"Baba Wutsiya, Maigida na kira."

"A ofis?"

Ya kau da kai.

"Ɗakin samfur."

Na bi bayansa.

Ɗakin ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe ce. Maigida na zaune a kan akwati da farar rigarsa, ya toshe hanci da hankici. Buldoza mai gadi na tsaye a bayan ƙofa da guntun tiyo a hannu. A tsakiyar ɗakin kuwa ga tukunyata mai tsaga, ga durom, har yashin da na bari jiya yana ciki.

"Ka gane kayanka?"

"Ranka ya daɗe, barka da..."

"Na ce ka gane kayanka?"

"Na gane."

"Heluma ya ce kwana tara yana leƙenka."

Heluma ya yi saurin cewa, "Yallaɓai, ni yabonsa na yi. Cewa na yi hannunsa ya fara faɗawa, ko za a riƙa gwada shi a ƙananan..."

"Rufe mini baki. Kai ka ga hannu, ni na ga abin da ke bayan hannun."

Ya juyo kaina.

"Tun ubana yana da rai aka yi maka tayin kai, ka ce kana tsoron tartsatsi. Haka ne?"

"Haka ne."

"Shekara goma sha ɗaya kana bin bayan mutum kamar jela, ba ka taɓa ƙorafi ba. Yau da furfura a gemu ka tashi koyon zubi a ɓoye. Wa ya gaya maka wurin zai zama babu kowa?"

"Sha'awa ce kawai, ranka ya daɗe."

"Sha'awa."

"Wallahi mutum yana girma yana..."

"Yaushe zai tafi?"

"Wa?"

Ya ɗaga wa Buldoza yatsa.

"Ban da fuska, ban da hannuwa. Yana da zubi ƙarfe goma sha ɗaya."

Ban ga tahowar tiyon ba. Na dai ji kamar an tsaga mini haƙarƙari da gatari. Ashe yashi suka ɗura a cikin tiyon. Na durƙushe, numfashi ya ƙi shiga ya ƙi fita.

"Yaushe zai tafi? Ina za shi?"

"Ban san... komai ba."

Na biyu ya sauka a gadon baya. Na uku a inda na farko ya sauka. Na ji wani abu ya yi ƙas a cikina.

Buldoza ya sunkuyo kamar zai ɗaga ni, ya yi ƙasa da murya. Mutumin da matata ke ɗinke wa yagaggen yunifom kyauta.

"Baba, don girman Allah ka faɗa mu huta. Wallahi ba daɗi nake ji ba."

"To ka daina mana, ɗan nan."

"Ni ma 'ya'ya gare ni."

Ya ƙara mini ɗaya a cinya.

Maigida ya jawo akwatinsa kusa da ni, har ina jin ƙamshin turarensa.

"Ɗaki nawa na ba ka?"

"Biyu."

"'Ya'ya nawa?"

"Biyar."

"Babbar ce ke shirin jarrabawa, ko? Mai gaishe ni a bakin famfo. Yarinya mai hankali. A ina za ta yi karatun, a gindin gada?"

"Ranka ya daɗe, ka dubi Allah."

"Kalma biyu nake so. Rana da wuri. Ka faɗa, ka koma aikinka, babu wanda zai san daga bakinka ta fito. Ka ƙi, kafin la'asar katifunku na kan titi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Asabar ta zo har kan harshena. Na ga uwar yara zaune a kan ƙullin kaya, na ga autata riƙe da takalminta a hannu, maƙwabta na kallo. Na buɗe baki.

Sai na tuna hannun Bahago. Hagun nan da yake zubi da shi, da shi yake ba tsohuwarsa abinci a baki, da shi yake juya ta a kan gado. Idan aka karya shi, mutum bakwai na gidansa aka karya.

"Ban san komai ba."

"Sake faɗa."

"Ban san komai ba, ranka ya daɗe."

Na rufe ido ina jiran tiyo.

Bai sauka ba. Dariya na ji.

"Kai, tsohon nan da taurin kai yake. Buldoza, ɗaga shi. Kakkaɓe masa riga, ɓalla masa maɓalli har wuya. Heluma, je sito ka ɗauko sabuwar safar hannu, doguwar nan ta fata, ta masu zubi."

Heluma ya tsaya.

"Yallaɓai, ta me?"

"Ba ka ce hannunsa ya faɗa ba? Yau za mu gani."

A lokacin ban gane abin da yake ƙullawa ba. Da na gane, da na kwanta a ƙasan ɗakin na ƙi tashi.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka buga ƙararrawa. Murhu na ruri, akwatunan yashi ashirin a jere, ma'aikata kowa ya tsaya a wurinsa. Bahago na bakin murhu ya ɗaura ƙyalle a goshi. Yana hango ni ya washe baki.

"Baba Wutsiya! Ina ka maƙale tun safe? Na ɗauka uwargida ta kulle ka a ɗaki ne."

Aka yi dariya. Ni ko murmushi na kasa.

Sai ga Maigida ya dafa kafaɗata, ya rungumo ni a gaban kowa, daidai inda haƙarƙarin ya karye. Ya ɗaga murya.

"Ku saurara! Daga yau Baba ne a kai. Bahago, koma wutsiya."



Ya karɓi safar daga hannun Heluma, ya zura mini da kansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Mutumin da ba ya ɓoye wa maigidansa komai, haka muke saka masa. Na gode, Baba. Ka kyauta da ka zo da kanka."

Na ga dariyar ta mutu a fuskar Bahago. Ya dubi safar. Ya dube ni.

Na girgiza kai. Na so in yi magana, iska ta ƙi isa. Abin da ya fito daga bakina bai fi kukan ƙofa ba.

"An buɗe!" in ji mai murhu.

Narkakken ƙarfe ba ya jiran kowa. Ya fara kwarara cikin tukunya, fari fat, zafinsa na dukan fuska. Dole na kama mariƙi biyu. Dole ya kama ɗaya. Muka ɗaga.

Taku ashirin ne daga murhu zuwa akwatin farko. Kullum shi ke ƙirga mana, yana haɗawa da tsokana. Yau muryarsa daga bayana ta fito, ƙasa-ƙasa, ta cikin haƙora.

"Da safa ya saye ka?"

"Bahago..."

"Safar hannu, Baba? Ni da uwata safar hannu muka kai?"

"Wallahi ban..."

"Dubi gabanka, munafuki, kar ka ƙona bayin Allah."

Muka isa. Na karkata tukunya. Yashi ba ya ƙuna, ba ya gudu, ba ya da nauyin nan. Haƙarƙarina ya soke ni, hannun dama ya saki. Ƙarfe ya zarce bakin akwati ya zuba a ƙasa, tartsatsi ya tashi har rufi. Wani ya kurma ihu yana tsalle yana cire takalmi. Wani ɗigo ya huda wandona ya zauna a ƙauri, na ji ƙaurin naman jikina.

"Sassauta hagu! Hagu na ce, jaki!"

Bahago ne. Ya murɗa wutsiyar da ƙarfin tsiya ya dawo da tukunyar daidai. Da bai yi haka ba, da ƙafafuna biyu sun tafi. Haka muka bi akwati huɗu, yana zagina yana gyara mini, har tukunya ta ƙare.

Muna ajiye ta a ƙasa, ya tsallako sandar.

Naushin farko a baki ya same ni. Na faɗi cikin yashi, ya hau kaina, ya shaƙe ni da hagun nan da na sha duka dominsa.

"Na ba ka amana! Ka rantse mini!"

Na kama hannunsa ina girgiza kai. Ina so in ce masa yi shiru, tarko ne. Maƙogwarona na cikin tafinsa.

"Kwana uku kawai suka rage! Asabar in kwashe uwata, shi ke nan! Asabar ta yi maka nisa?"

"Bahago, bari!" Heluma ya yi tsawa. "Rufe bakinka!"

Ina! Idonsa ya rufe.

"Har tsallaken gadar ka gaya masa? Ka gaya masa sun ba ni murhu guda? Faɗa mini, tsohon banza!"

Ya fizge ni sama da wuyan riga. Maɓallai suka watse, rigar ta yage har ƙasa.

Sai ya tsaya.

Ga shatar tiyo a jikina, ta kumbura ta yi baƙi. Gefen haƙarƙarin ya yi tulu.

Tafi muka ji. Maigida ne, a hankali, yana murmushi.

"Asabar. Tsallaken gada. Har da murhu guda. Madalla. Ka ga tsohon nan? Tun safe muke fama da shi, ko uffan bai ce ba."

Hannun Bahago ya saki wuyana.

"Baba..."

"Ban faɗa ba." Jini na bin gemuna.

"To safar... me ya sa..."

"Koyo nake a ɓoye. Da yashi. Tsoro na ji, Bahago. Na ce idan ka tafi za su kore ni. Shi suka gani."

Ya dafe kansa da hannu biyu.

"Wayyo ni. Wayyo Baba, me na yi?"

"Tashi ka gudu."

"Heluma!" Maigida ya kira. "Samfurin farantin injin niƙa guda biyu sun ɓace a ɗakin can, ko ba haka ba?"

Heluma ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Ban duba ba, yallaɓai."

"Ni na duba. Sun ɓace. A rufe get."

Muka ji ƙarar sakata daga nesa. Buldoza ya ajiye tiyo, ya ɗauki guduma daga kan teburin masu fasa akwati. Wani mai gadin kuma ya zagayo ta baya.

Maigida ya dube ni a ƙasa.

"Kai kuma na ba ka zaɓi ka zaɓa. Makullina kafin la'asar. Cire mini safata."

Ban cire ba. Ba taurin kai ba ne, hannuwan ne suka ƙi ɗaguwa.

Bahago ya miƙe. Kusa da murhu akwai sandar da ake yaye dattin ƙarfe da ita, tsawonta ya kai mutum, bakinta ja wur. Ya fizge ta.

"Duk wanda ya matso, na rantse da Allah sai na huda shi."

"Ajiye, Bahago," in ji Buldoza. "Hannu ɗaya ne, ka daure a wuce wurin."

"Zo ka karɓa, ɗan uwa. Zo."

Na bayan ne ya yi gaggawa. Ya daka tsalle zai kama shi, Bahago ya juya ya shafa masa sandar a damtse. Ta yi cuuu. Mutumin ya faɗi yana birgima yana kiran uwarsa.

Ma'aikata talatin na tsaye. Mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya. Babu wanda ya motsa.

Buldoza ya ɗaga guduma ya nufe shi. Ban san inda na sami ƙarfi ba, na ja jiki na rungume ƙafarsa.

"Ɗan nan, kar ka yi! Kar ka yi!"

"Sake ni, Baba!"

"Ba zan sake ba!"

Ya sa ɗaya ƙafar ya tokare ni a ƙirji. Duniya ta yi duhu ta dawo.

Da idona ya washe, Bahago na ja da baya yana kaɗa sandar hagu da dama. Get a rufe, bango dogo. Ƙofa ɗaya ce a buɗe a bayansa, ita ce ta ɗakin samfur.

"Ba nan ba!" Na yi ihu, ko ni ban ji muryata ba.

Ya shige da baya. Buldoza ya bi shi. Maigida ya naɗe hannun farar rigarsa, ya tsinci guntun ƙarfe a ƙasa, ya shiga na uku. Ƙofa ta rufe, aka danna sakata ta ciki.

Na yunƙura, Heluma ya danne kafaɗata.

"Zauna, Baba. Kana da 'ya'ya."

"Kai ba ka da su? Shi ba shi da su?"

Ya sake ni. Idonsa ya kawo ruwa.

Daga ciki muka ji katakai na zubowa. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe sau biyu. Wani ya bugu da ƙofar har ta lotsa ta waje. Zagi, nishi, wani abu mai nauyi ya faɗi.

Sai ihu.

Guda ɗaya, dogo, irin wanda ba a gane muryar mai shi. Ya yanke a tsakiya.

Bayansa babu motsi.

Heluma ne ya fara ɗaukar sandar ƙarfe ya nufi ƙofar. Mai murhu ya bi shi. Sai mutum biyar, sai goma. Na rarrafa na isa, na sa safar nan na kama sanda tare da su.

"Bahago! Bahago, amsa mini!"

Shiru.

"Buldoza! Buɗe!"

Shiru.

Muka zura sanduna a gefen ƙofar muka danna gaba ɗaya. Bango ya fara zubar da siminti, wani siririn jini ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar ya taɓa gwiwata.

Mutum uku ne suka shiga ɗakin nan, ihu ɗaya aka yi. Har lokacin da sakatar ta fara lanƙwashewa, ban san ko na Bahago ne ba, ko na ɗaya daga cikin waɗanda suka bi shi.